Tarihin Al-Maghili, malamin da ya rubuta wa Sarkin Kano ƙa'idojin mulki shekara 20 kafin Makiyabeli na Italiya

A jami'o'i da dama na duniya, idan aka zo koyar da ilimin siyasa, sunan da ake yawan farawa da shi shi ne na Nikolo Makiyabeli, mutumin Italiya da ya rubuta littafin Il Principe a shekarar 1513. Kimanin shekara 20 kafin nan, wani malami daga arewacin Afirka ya zauna a birnin Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa wani ɗan littafi a kan yadda ake riƙe ƙasa.

Sunansa Sheikh Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili. Littafin nasa bai fi a karanta shi a zama ɗaya ba, amma ya taɓo abubuwan da har gobe manomin Dambatta ko Bichi ko Minjibir yake kuka da su: wa zai saurari ƙararsa, me za a karɓa daga amfanin gonarsa, kuma ina kuɗin za su tafi.

Daga Tilimsan zuwa Tuwat

An haifi Al-Maghili a farkon rabin ƙarni na 15 a yankin Tilimsan, wanda ke yammacin ƙasar Aljeriya a yau. Sunan da ya shahara da shi ya samo asali ne daga ƙabilarsa ta Maghila, ɗaya daga cikin ƙabilun Barbar. Tilimsan a lokacin babban gari ne na malamai da fatake, kuma a mazhabar Malikiyya ya tashi.

Cikin malamansa akwai Sheikh Abdurrahman Al-Sa'alibi na birnin Aljas, mai tafsirin nan, da kuma Yahaya bin Yadir, wanda ya yi alƙalanci a Tuwat.

Tuwat jerin ƙauyuka ne masu ruwa da dabino a tsakiyar Sahara. Nan ayarin raƙuma ke yada zango tsakanin arewacin Afirka da Timbuktu da Gao da ƙasar Hausa. Al-Maghili ya koma can da zama, a garin Tamantit. Da yake garin mahaɗar fatake ne, labarin sarakunan kudu da kasuwanninsu ba ya yanke masa.

Abin da ya faru a Tamantit

A Tamantit ne aka yi abin da ya fi kowane jawo masa suka a tarihi. Garin yana da tsohuwar al'ummar Yahudawa, masu sana'ar zinariya da fatauci, waɗanda suka daɗe suna zaune ƙarƙashin kariyar shugabannin wurin. Al-Maghili ya ce sun karya sharuɗɗan amanar da Musulunci ya ba su, saboda haka a rushe wurin ibadarsu.

Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda ba. Yana ganin wurin ibadar ya daɗe a nan, kuma shari'a ba ta ba da damar a taɓa shi ba. Aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu biyu. Malam Al-Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi a cikin babban littafinsa Al-Mi'yar, shi ya sa har yanzu ake iya karanta hujjar kowane ɓangare.

Da Al-Maghili ya samu goyon bayan wasu manyan malaman Tilimsan, sai ya tara mabiyansa, wajajen shekarar 1490, suka rushe wurin ibadar. An kashe mutane, waɗanda suka tsira suka watse, al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin ta tarwatse. Bayan wannan ne ya kama hanyar kudu.

Ya bi ta ƙasar Azbin ya sauka a Takedda, cikin Nijar ta yau, inda ya karantar. Ɗaya daga cikin ɗalibansa na can, Muhammad Al-Tazakhti, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, shi ne ya zama alƙalin Katsina daga baya. Shi kansa Al-Maghili ya zauna a Katsina da Kano.

Kanon da ya tarar

Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano ya lissafa sababbin abubuwa 12 da ya ƙirƙiro. Shi ya gina Gidan Rumfa, wanda har yau shi ne fadar Kano. Ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa aka fara busa kakaki da riƙe figini, aka fara kulle, aka kuma fara ba babanni manyan muƙamai. Sarautar Sarkin Bai, wadda a yau Dambazawa ke riƙe da ita a Dambatta, tana cikin waɗanda littafin ya ambata tun wancan zamani.

Littafin ya kuma ce a lokacin Rumfa ne Sharifai suka zo Kano. Shugabansu ya sa sarki ya gina masallacin Juma'a, ya kuma sa aka sare wata bishiya da ake tsafi a gindinta, aka gina hasumiya a wurin. Masana tarihi sun tafi a kan cewa Al-Maghili ake nufi. Unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari duk da shi ake danganta su.

Arzikin da ya ɗauki nauyin wannan fada daga karkara yake fitowa. Wani shaida a kan haka ya zo ne daga Italiya. Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, Musulmi ne da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi wurin Fafaroma a birnin Rum. A can ya rubuta littafi a kan Afirka da harshen Italiyanci, ya gama a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. Da ya zo kan Kano, ya nuna cewa mafi yawan mutanen ƙasar a ƙauyuka suke, manoma ne da makiyaya, kuma hatsi da shinkafa da auduga sun wadata.

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko zuwa Bichi da damina a yau zai ga wannan karkara: gona ta haɗe da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakani. Ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. Inda mutane suka yi yawa haka kuma rumbuna suka cika, idon mai karɓar haraji ba ya barin wurin.

To, ga sarki ya gina ƙaton gida, ya kewaye kansa da babanni da dogarai da masu busa. Ga kuma manoman da ke ciyar da fadar suna nesa da ƙofarta. A wannan yanayi ne Al-Maghili ya ɗauki alƙalami.

Babi takwas

Littafin da ya rubuta ana kiran sa Tajuddin fi ma yajibu alal muluk, wato abin da ya wajaba a kan sarakuna. Akwai kuma wata gajeriyar wasiƙa da ya rubuta wa Rumfa a shekarar 897 bayan Hijira, daidai da 1491 zuwa 1492, a kan irin hukuncin da mai mulki zai iya yi don hana mutane aikata haram.

Tajuddin yana da babi takwas. Na farko a kan kyautata niyya ne, domin sarauta amana ce da za a tambayi mai ita. Na biyu a kan kamun kai da shigar sarki da yadda zai zauna a majalisa. Na uku a kan tsara ma'aikata: wazirai, ma'aji, magatakarda, masu lissafi, alƙalai, manzanni, masu gadi, likitoci da masu kula da kasuwa. Na huɗu a kan taka-tsantsan a gida da wurin tafiya da fagen yaƙi. Na biyar a kan bin diddigin al'amura. Na shida a kan adalci a shari'a. Na bakwai a kan hanyoyin halal na tara kuɗin gwamnati. Na takwas a kan yadda za a kashe su.

Akwai gargaɗi ɗaya da yake ta maimaitawa a ƙarshen babobin, a kan sarkin da ya shige cikin gida ya bar talakawansa ba su da hanyar ganinsa. A wurin Al-Maghili, daga nan kowace ɓarna take farawa. Idan aka tuna cewa mai Gidan Rumfa yake wa magana, za a ga ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Bai tsaya ga gargaɗi ba, ya faɗi abin da za a yi. Ya ce sarki ya riƙa zama kullum a wurin da kowa zai iya isa gare shi, har mata da yara. Dalilinsa shi ne, naɗa alƙalai da wakilai bai wadatar ba, tunda sau da yawa su ne ake son a kai ƙara. Matar da wakilin sarki ya ƙwace wa gona ba za ta kai kukanta wurin wakilin ba.

A babi na biyar ya kawo wata shawara da za ta ba mai karatu na yau mamaki. Ya ce a ƙidaya dukiyar ma'aikaci kafin a naɗa shi, a riƙa duba ta lokaci zuwa lokaci, wanda aka ga dukiyarsa ta haura abin da ake ba shi a tuhume shi, wanda kuma koke ya yi yawa a kansa a sauya shi. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta wa masu muƙamai su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. An rubuta irin wannan a Kano fiye da shekara 500 da suka wuce.

Abin da ya shafi rumbun manomi

Babi na bakwai da na takwas su ne suka fi kusa da manomi. Al-Maghili ya raba kuɗin da ke shiga baitulmali gida biyu, na halal da na zalunci. Zakkar amfanin gona da ta dabbobi da sauran abin da shari'a ta sani suna cikin na halal. Cikin na zalunci ya sa kuɗin da ake karɓa kafin a naɗa mutum alƙali ko wani muƙami, da cin hanci, da kyautar da talaka ke kai wa mai mulki don neman alfarma, da harajin da ba shi da tushe a shari'a, da ƙwace dukiyar mutane.

Ya gane yadda abin yake tafiya. Wanda ya sayi muƙami da kuɗi, a jikin talaka zai fanshe. Wanda ya karɓi kyauta kuma bakinsa ya mutu ranar shari'a.

Ya bar ƙofa ɗaya a buɗe. Idan wata masifa ta taso, kamar abokan gaba sun tunkaro kuma baitulmali ba komai, sarki zai iya neman taimakon jama'a gwargwadon ƙarfin kowa, amma da an wuce wannan lalura sai a daina. A wajen kashewa kuwa, dukiyar ba ta sarki ba ce, ajiya ce a hannunsa. Za a fara da tsaron ƙasa da masu yi wa jama'a aiki da mabuƙata. A mazhabar Malikiyya da yake bi, zakka ana raba ta ne a inda aka karɓe ta, sai fa idan wani wuri ya fi tsananin buƙata. Ke nan damin da aka fitar a Kunchi ko Makoɗa, miskinan wurin ne suka fi cancanta da shi kafin a yi zancen birni.

Shi da Makiyabeli

An haifi Makiyabeli a birnin Fulorens a 1469. Ya yi wa gwamnatin birnin aikin sakatare da jakadanci daga 1498 zuwa 1512. Da gidan Medici suka dawo mulki sai aka kore shi, aka kama shi a 1513 aka azabtar da shi, sannan aka sake shi ya koma gonarsa a bayan gari. A can ya rubuta Il Principe, mai babi 26, ya sadaukar da shi ga ɗaya daga cikin 'yan gidan da suka kore shi, yana fatan a mayar da shi aiki. Ba a mayar da shi kujerarsa ba. Ya mutu a 1527, aka buga littafin a 1532, cocin Katolika kuma ta haramta karanta shi a 1559.

Tambayar Makiyabeli ita ce yadda mai mulki zai samu mulki ya kuma riƙe shi. Ya ga Italiya a rarrabe, sojojin Faransa da Sifaniya suna shiga suna fita, saboda haka ya halatta wa sarki yaudara da saɓa alkawari idan tsaron mulkinsa ya buƙaci haka. Tambayar Al-Maghili kuwa ita ce abin da ake bin mai mulki bashi, da abin da zai faɗa ranar da zai tsaya gaban Ubangijinsa.

Duk da wannan tazara, sun haɗu a wasu wurare. Dukansu sun gargaɗi sarki a kan fadawa masu daɗin baki. Dukansu sun ce ya sa ido a kan wazirinsa. Kuma dukansu sun ce ya ɗauke hannunsa daga dukiyar talakawa. Makiyabeli ya faɗi haka ne domin ƙwace dukiya yana jawo ƙiyayya, ƙiyayyar jama'a kuwa ita ke kayar da sarki. Al-Maghili ya faɗa ne domin zalunci ne.

Masanan Italiya da suka biyo baya sun ci gaba da tono wannan tambaya. Gaitano Moska ya nuna a littafinsa na 1896 cewa a kowace al'umma 'yan tsiraru masu tsari ne ke mulkin masu yawa. Antoniyo Giramshi, wanda ya tashi cikin talauci a karkarar tsibirin Sardiniya, ya rubuta a kurkukun Musolini cewa ƙarfi kaɗai ba ya riƙe mulki, sai an samu yardar waɗanda ake mulka, kuma malamai da masana su ne ke gina wannan yarda ko su rushe ta. Abin da ya biyo bayan rubutun Al-Maghili a ƙasar Hausa ya yi daidai da wannan magana.

Gao da komawa gida

Daga ƙasar Hausa Al-Maghili ya wuce Gao, babban birnin daular Songhai, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulki a 1493 daga hannun ɗan Sonni Ali. Askiya ya yi masa tambayoyi bakwai, shi kuma ya amsa a rubuce. Amsoshin sun taɓo miyagun malamai masu halatta wa sarakuna son zuciyarsu, da dukiyar da Sonni Ali ya ƙwace, da algus a mudu da sikeli, da rabon gado. A nan ma tsananinsa ya fito fili, domin ya yanke hukuncin kafirci a kan Sonni Ali, ya kuma halatta yaƙar sarakunan da ke haɗa Musulunci da tsafi.

Ta wani ɓangaren kuma mutum ne mai kare amfani da hankali. Ya yi musayar baitoci da Imam Jalaluddin Suyuɗi na Masar a kan ilimin manɗiƙ. Suyuɗi yana hana shi, Al-Maghili yana cewa ma'auni ne na gane ingantacciyar hujja, kuma ba a ƙin gaskiya don wanda ya kawo ta.

Yana Gao labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, a ci gaban rikicin da ya baro. Cikin fushi ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gao, aka kuwa kama su. Alƙalin Timbuktu, Mahmud bin Umar Aƙit, ya ce ba a kama mutum da laifin da bai yi ba, aka sake su. Malamin da ya rubuta babi guda a kan adalci, sai da wani alƙali ya tuna masa da shi.

Ya koma Tuwat, inda ya rasu a shekarar 909 bayan Hijira, wajen 1504. Kabarinsa yana lardin Adrar na Aljeriya, ana ziyartar sa har yau. A watan Disamban 2022 gwamnatin ƙasar ta shirya taron ƙasa da ƙasa a birnin Aljas a kan rayuwarsa da rubuce-rubucensa.

Bayan shekara 300

Rubutun Al-Maghili ya ci gaba da yawo a hannun malamai, ana kwafa ana karantarwa. Bayan shekara kusan 300 sai ya zama makami. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kwaso dogayen sassa na amsoshin Askiya ya sa a littafinsa Sirajul Ikhwan. A Kitabul Farƙ kuma ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkam a nan Kano lokacin jihadi, shi ma ya dogara da Al-Maghili a rubuce-rubucensa na mulki.

Sarki goma, zamani goma, amma harajin bai tafi ba. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi kuma wuri 700. Yawancin hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zagaya ƙauyuka suna karɓowa. Manomi yana iya tsufa bai ga fuskar wanda ke cin ƙasarsa ba. Sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, shi ma babban dalili shi ne a sauƙaƙa karɓar haraji.

A 1932 wani Bature mai suna Baldwin ya fassara Tajuddin zuwa Turanci aka buga a Beirut. A 1985 kuma Farfesa John Hunwick ya fitar da fassarar amsoshin Askiya tare da sharhi.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu Kano kuma ya jagorance ta daga baya, a kan wannan kuka ta ginu: haraji da jangali da aikin tilas da kotun da talaka ba ya samun gaskiya a cikinta. A watan Oktoban 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Yau ba jakada ke zuwa ƙofar gida ba. Akwai dai mai rasit a bakin kasuwa, da shingen kan hanya da motar hatsi za ta ratsa kafin ta kai Dawanau, da takin gwamnati da ake sanarwa a rediyo amma manomi ya same shi a hannun 'yan kasuwa. Akwai kuma kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa waɗanda da an rantsar da su suke komawa birni, a daina samun su ko a waya.

Mutumin Tsanyawa ko Bagwai da ke son ya auna shugabanninsa zai iya ɗaukar tambayoyi uku daga littafin da aka rubuta wa Rumfa. Shin akwai ranar da shugaban ke zama inda mace da yaro za su iya isa gare shi? An san abin da ya mallaka kafin ya hau kujera? Kuma abin da aka karɓa a kasuwar garin, nawa ne ya dawo garin?